Minti Goma Sha Ɗaya a Ɗakin Tafireta

Yayata ba ta tsoron allura, ba ta tsoron kare. Na taɓa ganin ta kashe maciji da tsinin lema tana yi mini faɗa, ko yanke faɗan ba ta yi ba. Abu guda take tsoro a duniyar nan, a ce tambayar jarrabawa ta fita daga hannunta. Shekara ashirin da shida tana buga wa makarantar sakandaren da ke bayan layinmu tambayoyin ƙarshen zango, kuma shekara ashirin da shida tana cikin wannan fargabar. Ni ce ƙanwarta, autar gidanmu. Ni nake sayar da biro da littafin rubutu a gaban shagonta, ita tana ɗakin ciki. Saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, da ni aka yi.

Duk layin Anti Tafireta suke ce mata, don da tafireta ta fara tun kwamfuta ba ta shigo ba. Gajeriya ce, da tabarau mai igiya a wuya, da yatsu masu kauri kamar na kafinta. Da yatsun nan ta yi mini makaranta bayan rasuwar babanmu. In tana bugu ba ta kallon hannunta, kuma ba ta son surutu, wanda shi ne kaɗai arzikin da Allah ya hore mini.

Tsoron nan gadonsa ta yi a wajen wanda ya koya mata aikin, wani dattijo da ake ce wa Baba Kabon. A zamaninsa da baƙar takardar kabon ake fitar da kwafi. Wata rana ya jefa lalatacciyar kabon ɗaya a kwandon shara, wani ya tsinta, ya ɗaga ta saitin rana, ya karance tambayoyin tas, ya sayar. Da tsakar rana 'yan sanda suka zo suka tasa ƙeyar dattijon nan a gaban jama'a, takalminsa ɗaya ya cire a bakin ƙofa. Yaya tana da shekara goma sha tara a lokacin, ita ta ɗauki takalmin ta kai wa matarsa. An sake shi bayan kwana huɗu, don an gano ba shi ya sayar ba. Amma ko wasiƙa ba wanda ya ƙara kawo masa ya buga har ya koma ga Allah.

To, daga nan ta kafa dokokinta. Ɗakin ciki ƙofa ɗaya gare shi, taga kuma tana can sama kusa da silin. Waya ba ta shiga, har tata, a durowata take ajiyewa. Akwai wani tsohon gwangwanin fenti a lungu, duk takardar da ta lalace a ciki take ƙonewa, a juya tokar da tsinke. Rubutun hannun malamai ma haka. Ranar da shugaban makaranta ya zo ya duba abin da ta buga ya sa hannu, a gabansa take cinna wa na asalin ashana. In makon jarrabawa ya zo, ni da muka fito ciki ɗaya da ita ba na tsallaka dokin ƙofar nan. Ko shayi na kawo, hannu take miƙowa ta karɓa.

Bara tsohuwar kwamfutarta ta mutu, ta sayi sabuwa. Wanda ya haɗa mata ita Injiniya ne, mai shagon gyara a tsallaken titi, wani ƙato mai furfura a gemu, mai magana a hankali kamar ana biyansa kuɗin jinkiri. Ba lokacin jarrabawa ba ne, don haka ina tsaye a ɗakin lokacin da ya gama ya nuna mata wata 'yar garkuwa koriya a ƙasan allon.

"Anti, wannan anti-bairos ne, shi zai yi miki gadi. Kyauta ne, kuma ba zai sa kwamfutarki nishi ba, don ƙwaƙwalwarsa ba a nan take ba."

"A ina take?" in ji Yaya.

"Irin na da, jerin duk ɓarayin duniya yake ɗaukowa ya jibge miki a ciki. Wannan kuwa maigadi ne mai waya a hannu. Duk fayil ɗin da ya zo ƙofa, sai ya ɗauki zanen yatsansa, wasu lambobi ne kawai da yake lissafowa, ya aika can ya ce, kun san wannan? Nan take su ba shi amsa. Ɓarawon da aka kama da safe a wata duniya, kafin azahar naki ya san fuskarsa."

"Can ɗin ina ke nan?"

"Gajimare ake ce wa wurin. Wasu manyan kwamfutoci ne jere a wani gini, a wata ƙasa."

Na tambaye shi ko na kyauta yana aiki kuwa, don ni ban yarda da kayan banza ba. Ya ce wajen kama sanannen ɓarawo kusan kunnen doki suke da na kuɗi. Sai dai zai riƙa damunta da talla, kuma ba ruwansa da abin da aka riga aka ɓata. Ya ƙara da cewa, "Amma fa sai da intanet, Anti. Sai da intanet." Sau biyu ya faɗa, ina shaida.

Yaya ta gyaɗa kai ta yi masa godiya. Ni na san fuskar nan. A duk bayanin da bawan Allah ya yi, kalma biyu ta ji, "aika" da "wata ƙasa". Yana tsallaka titi ta zagaya bayan tebur, ta zare igiyar intanet, ta nannaɗe ta, ta kawo mini.

"Sa a durowarki. Kwamfutar nan ba za ta yi hira da kowa ba."

Da zan yi ƙarya da na ce na hana ta. Wallahi tafa mata na yi, na ce haka ake yi, Yaya. Ita kuma da shugaban makaranta ya zo, ta nuna masa ramin da babu igiya, ta ce ya shaida, abin da ke cikin nan ba ya fita ko ta ina. Ya ji daɗi ƙwarai, har a taron malamai ya faɗa.

Garkuwar nan ba ta daɗe tana koriya ba, ta koma ruwan ɗorawa. Kullum sai wata 'yar taga ta ɓullo a gefe da rubutu. Tun ranar farko ta ga irinsu suna cewa ta sayi na kuɗi, sai ta ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ba ta karantawa, rufewa take yi tana tsaki. "Maroƙa," in ji ta. Haka aka yi wata takwas.

Sai jarrabawar ƙarshen shekara ta zo. Malamai goma sha uku suka kawo tambayoyinsu a rubuce cikin ambulan, kamar kullum. Malamin lissafi shi kaɗai ya zo da filas, 'yar ƙaramar abar nan ta ajiye fayil da ake soka wa kwamfuta. Ya ce nasa akwai zane-zane da kusurwoyi, ya riga ya tsara, gyara kawai za ta yi. Daga baya muka ji babu shagon buga takardu a garin nan da filas ɗin ba ta kwana a cikinsa ba. Yaya ba ta so ba, don ba ta saba ba. Amma ta soka, ta sa maigadinta ya duba, ya ce bai ga komai ba.

Ranar Laraba shugaban makaranta ya zo, ya karanta darasi goma sha huɗu, ya sa hannu. Na ji warin hayaƙi daga waje, na san an ƙone na asali. Alhamis da Juma'a za ta fitar da kwafi, Litinin a zauna jarrabawa.

Alhamis da safe ina jera kaya sai na ji muryarta.

"Auta, zo."

"In zo ina?"

"Shigo."

Shekara ashirin da shida ba ta taɓa ce mini shigo a makon jarrabawa ba. Na same ta zaune, hannuwanta a cinya, tabarau yana lilo a ƙirjinta, leɓenta ya bushe. Ta nuna allon da haɓa. Inda fayil goma sha huɗu suke jiya, yanzu wasu fararen abubuwa ne masu 'yar kibiya a gindi. Ta danna ɗaya, wata baƙar taga ta yi walƙiya ta ɓace, shi ke nan. Ta danna na biyu, haka.

Na waiwaya na kalli gwangwanin fenti. Toka ce fal, har an juya ta da tsinke.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, ba ki da wani kwafin?"

"Kwafi?" Ta kalle ni kamar na zage ta. Kwafi shi ne abin da ta kwashe rayuwarta tana ƙonawa.

Ban san yadda na tsallaka titin nan ba, na dai ji wani mai babur yana ɗura mini ashar. Na janyo Injiniya da hannun riga. A bakin ƙofar ciki Yaya ta tsaya, sai da ta ce, "Wayarka." Ya ciro ya ba ni na sa a durowa.

Ya zauna, kujerar ta yi ƙara. Ya danna garkuwar nan mai ruwan ɗorawa, ya karanta, ya sake karantawa.

"Anti, rabon da maigadin nan ya yi magana da gajimare kwana ɗari biyu da arba'in da uku. Ina igiyar?"

Na fita sumui-sumui na ɗauko ta a durowa, a nannaɗe yadda aka ba ni. Ya dube ta ya dube mu.

"Kin ɗauki maigadi, kin ƙwace masa waya, kin kulle shi a ɗaki. Ɗan jerin da ke aljihunsa na wata takwas da suka wuce ne. Wannan ɓarawon bayan nan aka haife shi, ta gabansa ya wuce yana gaishe shi."

"Sun tafi ke nan?" in ji Yaya.

"Iri biyu ne. Akwai mai ɓoyewa, akwai mai kullewa da mukulli. In mai kullewa ne, na kyauta da na kuɗi duk ba mai dawo miki da su. Bari in gani."

Ya rubuta wasu kalmomi a baƙar taga. Muna tsaye a kansa. Sai ga su nan, goma sha huɗu reras, kowanne da sunansa. Na buɗe baki zan yi hamdala. Kafin in rufe, suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a kan idonmu, ba wanda ya taɓa komai. Na rantse ji na yi kamar akwai mutum na huɗu a ɗakin.

"Mai ɓoyewa ne, alhamdu lillahi," in ji Injiniya. "Amma yana da rai. Ina fito da su yana mayarwa. Kuma ban san me zai yi gobe ba."

Ya lissafa mata hanyoyi. Ko ya kwance cikin kwamfutar ya tafi da shi shagonsa ya wanke, ya dawo da shi gobe. Yaya ta girgiza kai tun bai ƙarasa ba, shagon da mutum ashirin ke shiga su fita a wuni. Ko ta je ta gaya wa shugaban makaranta, malamai goma sha huɗu su sake rubuta tambayoyi cikin kwana uku, duk garin ya ji. Ko kuma a mayar da igiyar na ɗan lokaci, a nan, a gabanta, maigadi ya kira gida.

"In aka sa, me zai fita?"

"Zanen yatsa. Lambobi. Ba mai iya karanta tambaya daga cikinsu. Sai dai in ya ga fayil ɗin da ya rikita shi, yakan so ya aika shi ɗungurungum a bincika. Wannan zan kashe, ba zai aika ba sai ya nemi izini. Kuma duk abin da ya yi yana rubutawa."

"Shi ɓarawon fa? In aka buɗe ƙofa ba zai miƙa wa ubangidansa ba?"

Injiniya ya shafa gemu. "Irin wannan yawanci ɓoyewa da yaɗuwa ne aikinsa. Amma ba zan rantse miki ba."

Nan na hau shi. "Haba Injiniya! Ka ga matar nan tana neman shiɗewa, ka rantse mana, me zai ci ka?"

"Auta, ba na rantsuwa a kan abin da ban gani ba."

Da ina da abin jifa a hannu da na jefe shi. Yau kuwa na san a cikin mu ukun shi kaɗai ne mai hankali.

Yaya ta karɓi igiyar. Ta ce ita za ta sa da hannunta. Ta durƙusa bayan tebur, sau uku tana kuskure ramin. Da ta shiga, wata 'yar fitila ta fara ƙiftawa a wajen. Yaya ba ta tashi ba, ta zauna dirshan a ƙasa, ido ɗaya a kan fitilar, ɗaya a kan agogon bango. Duk ƙiftawa ɗaya sai ta zabura kamar an tsikare ta.

Minti uku, garkuwa tana juyi. Minti biyar. Gumi ya jiƙa mini baya, ga fanka tana aiki. A minti na shida allon ya koma ja wur, kwamfutar ta yi wani ƙara, ni kuma na ƙwalla ihu.

"Ya gan shi," in ji Injiniya. "Ku kwantar da hankalinku, ja ɗin nan alheri ne."

Lambobi suka fara hawa, ɗaya, huɗu, tara. Ya ce ɓarayin da aka kama ke nan, kurkuku ake jefa su, inda ba za su iya motsi ba. Sai fitilar baya ta tsaya cak. Yaya ta ce, "Ta daina!" Injiniya ya sauko daga kujera da ƙyar ya leƙa ƙarƙashin tebur ya ga ko igiyar ce ta yi sako-sako.

A daidai nan wata 'yar taga ta ɓullo a tsakiyar allo, da rubutu, da maɓalli biyu. Layin da ke tafiya a allon yana nuna ci gaban aikin ya tsaya yana jiranta. Su biyun suna ƙasa, ni kaɗai ce a tsaye. Wata takwas ina jin Yaya tana tsaki tana korar maroƙan nan. Agogo yana tafiya, yayata tana zaune a ƙasa kamar wadda ake jira a yanke wa hukunci. Ban karanta ba. Na miƙa hannu na danna babban maɓallin don ya ba mu wuri. Layi ya ci gaba da tafiya, har na ji daɗin kaina.

A minti na goma sha ɗaya garkuwa ta koma koriya shar. Yaya ta fizge igiyar kamar mai cire ƙaya. Injiniya ya sake rubuta kalmominsa, fayiloli suka fito, muka tsaya muna kallo, minti ɗaya, biyu, ba wanda ya ɓace. Goma sha uku lafiya lau. Na lissafin yana kurkuku, don a jikinsa ɓarawon ya maƙale ya shigo, amma Injiniya ya ce zai iya zare tambayoyin ya bar dattin. Na rungume Yaya ina kuka ina dariya.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta mayar da tabarau a idonta.

"Nuna mini abin da ya fita."

"Anti, an gama ai."

"Ka ce yana rubuta duk abin da ya yi. Nuna mini."

Ya buɗe, yana bi da yatsa yana karantawa a hankali. Sai yatsan ya tsaya.

"Fayil ɗaya ya tafi ɗungurungum. Na lissafi. An nemi izini, kuma an bayar."

Ban san lokacin da na ce, "Ni ce. Na ɗauka talla ce," ba. Na jira mari. Wallahi da ta mare ni da na fi samun sauƙi. Ko kallona ba ta yi ba.

Injiniya ya shiga lallashi. Ya ce inji ne zai buɗe fayil ɗin, ba mutum ba, ɓarawon yake nema, ba ruwansa da kusurwa da kashi. Ya ce fayil miliyoyi ne suke shiga can a kullum. Wani lokaci ma'aikaci yakan duba ɗaya, wani lokaci kamfanonin da ke yin irin maigadin nan sukan ba juna, amma wa zai zauna a wata ƙasa yana neman tambayoyin 'yan aji uku na bayan layinmu? "A cikin dubu, Anti, na ba ki ɗari tara da casa'in da tara ba abin da zai faru."

"Ɗayan fa?" in ji Yaya.

Ya miƙe ya ba ta kujerarta.

Ta kashe kwamfutar, ta ɗauki mayafinta da jakarta. Na sha gabanta a bakin ƙofa.

"Ina za ki?"

"Makaranta."

"Yaya, don girman Allah! Mu uku ne kaɗai muka sani. Injiniya ba zai faɗa ba, ni ko za a yanka ni ba zan faɗa ba. Kin manta Baba Kabon? Shi ma ba shi ya sayar ba!"

"Ban manta ba. Matsa."

Na bi ta har makarantar ina magiya ina masifa. Na roƙe ta da darajar iyayenmu, na kira ta mai taurin kai, na ce za ta kashe kanta da bakinta a kan abin da ko aljani bai gani ba. Ina ganin yadda take taka ƙasa, kamar mai tafiya a kan katako ɗaya. Sau biyu tana tsayawa ta dafa katanga ta huta. Tsoro ne ƙarara, ban taɓa ganin mutum yana jin tsoro haka kuma yana ci gaba da tafiya ba.

Shugaban makaranta dogo ne siriri, mai sanyin magana. Ya ba mu kujera, Yaya ta ƙi zama.

"Ranka ya daɗe, na ce maka kwamfutata ba ta magana da kowa. Yau ta yi, minti goma sha ɗaya. Tambayoyin lissafi sun fita zuwa wani wuri da ban sani ba. An ce mini da wuya wani ya gani. Amma sun fita."

"Wa ya fitar da su, Malama?"

Na buɗe baki. Ta taka mini ƙafa da dukkan nauyinta.

"Ni ce."

Ya cire tabarau ya murza idonsa. Bai yi faɗa ba. Ya sa aka kira malamin lissafi, ya ce ya zauna nan ofis ya rubuta sababbin tambayoyi da hannunsa. Malamin ya rubuta, ya fita yana huci. Yaya ta sauko da tsohuwar tafiretarta daga saman kabad, ta goge ƙura, ta buga su a ranar, ta zana kusurwoyin da rula. Ranar Litinin aka zauna jarrabawa ba abin da ya ragu.

Sai dai magana ta riga ta fita. Malamin lissafi bai ce wa kowa filas ɗinsa ce ta kawo cutar ba, cewa ya riƙa yi an samu matsala a wajen Tafireta. Kafin mako ya zagayo, matsala ta zama tambayoyi sun fita, sun fita ta zama an sayar. Wata mata ta zo sayen biro ta tambaye ni a kunne nawa muke sayar da na Turanci. Na kore ta har titi. Kwamitin iyaye ya zauna, aka ce makaranta ta sayi injinta ta riƙa bugawa a cikin gida. Shugaban makaranta ya zo da kansa ya gaya wa Yaya, kansa a ƙasa. Ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma na yarda ya yi.

Tsofaffin tambayoyin nan na lissafi kuwa, har yau ba wanda ya gan su a ko'ina. Injiniya ya yi ta bincike wata da watanni, ko ƙyallinsu. Shi ya fi ƙona mini rai. Maigadin banza ya yi aikinsa, ya kama ɓarawo cikin minti shida, ya dawo mata da kayanta, gajimaren bai cuce ta da komai ba. Mu muka yi wa kanmu, ita da igiya, ni da yatsa.

Ranar da aka ba yara sakamako, suna wucewa ta gaban shago suna ihu, na kasa haƙuri.

"Da kin yi shiru, Yaya, da yanzu kina da aikinki."

Tana gyara wa wani takardar neman aiki, ba ta ɗago ba. "Da na yi shiru, duk yaron da ya shigo nan ya ce ya ci lissafi, sai cikina ya ɗuri ruwa. Har in mutu."

"To me ya sa ba ki ce ni ce ba?"

"Wa ya ce miki shigo? Ba ni ba ce?"

Na koma gaban shago na yi kukana a bayan kwalin littattafai.

Yanzu igiyar tana jone dare da rana, garkuwa koriya shar, kuma duk tagar da ta ɓullo sai Yaya ta sa tabarau ta karanta ta har ƙasa. Ba abin da maigadin yake gadi sai takardun neman aiki da na hayar gida. Makon jiya aka fara jarrabawa a makarantar, mun ji ƙararrawa daga nan. Da safe Yaya ta iso, ta buɗe durowata, ta ajiye wayarta, ta shige ɗakin ciki ta ja ƙofa. Ba ambulan ko ɗaya a ciki. Na haɗa mata shayi, na tsaya a bakin ƙofa na ƙwanƙwasa, ta miƙo hannu ta karɓa.